Ƙunshin da Ladan Ya Kawo Daga Ikko

Zuwa ga ƙanena Sale, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki, yaya Hajara da yara? Mu nan Kudan ana ta saran rake, sai dai hankali ba a kwance yake ba.

Ɗanka Ladan ya dawo daga Ikko a rame, ba ya barci, kullum haɓo. Ya zo da ƙunshi, wai saƙon maigidansa zai kai Kano. Ka sani, tun kakanmu ba a kwance saƙon mutane a gidan nan. To, ni na kwance. Hodar iblis ce, wadda rediyo ke cewa soja na harbe mutum a kanta.

Ladan ya ce, "Baba, mayar, kashe ni za su yi."

Na ce, "Ai wadda kake shaƙa ta riga su farawa." Na juye ta a masai.

Masu kayan sun aiko, ranar kasuwar Makarfi suna tafe. Na tura Ladan ƙauyen Furana wurin goggonsa. Ni kuwa a zaure za su same ni.

Ku sa mu a addu'a. Ka gai da Hajara, amma kada ka faɗa mata tukuna.

Yayanka, Audu.