Injin Matsar Mai a Gidan Hansatu

Yaya Ladi, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina Malam da yara? Mu nan Birnin Gwari lafiya lau.

Baturen gona ya kawo injin matsar man gyaɗa. Ni ya fara ba. Na zuba ɗanyar gyaɗa yadda ya nuna, mai ya fito yana gafi, tunkuza ta ƙi yin ƙuliƙuli, na mayar masa da abinsa. Maƙwabciyata Hansatu ta karɓa, ta soya gyaɗar tukuna yadda muka saba. Yanzu har daga ƙauyukan Kamuku ake zuwa ƙofarta, Bature yana ta yabon basirarta. Hansatun da ni na koya wa murza ƙuli!

Ki gaida Inna. Ki taya ni addu'a, don kullum ƙamshin man nan sai ya tsallako danga ya same ni.

Ƙanwarki,
Asabe