Garba Ya Zauna a Kan Jinga

Haɗeja, Jihar Jigawa

Zuwa ga Yaya Zainaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara a can Fatakwal. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai dai ruwa. Kogi ya cika ya batse, an ce za a ƙara sako na dam, shinkafa kuwa ta fara fitar da kai. Kowa idonsa yana kan jingar da ta tare ruwa daga gonakin ƙauyenmu.

Maganar ƙaninmu Garba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba kya barina in kai aya. Kin tuna zuwan 'yarki Amira hutu, da ilimin da ta kwaso a jami'a na rarrabe halayen mutane? Ta zaunar da mu a tsakar gida ta raba mu gida uku, kamar mahauci yana kasa nama. Ta ce ni mutumin kai ne, sai na auna abu har ya wuce ni. Ke ta zuciya ce. Kawunta Garba kuwa na ciki ne, jikinsa ke yanke hukunci kafin hankalinsa ya ɗaura wando. Na yi dariya, na ce littattafan da na ɓata idona a kansu ba su taɓa raina ni haka ba. Garba bai yi dariya ba. Ya tambaye ta yadda mutum zai gane jikinsa ya riga shi. Ta ce ya lura da abin da yake ji kafin hannu ya tashi.

Wallahi Yaya, ya lura. Bayan tafiyarta ya same ni a zaure ya ce ya gano abin. Wai muƙamuƙinsa ne ke fara ƙagewa, sai ƙeyarsa ta ɗau zafi, sai ya daina jin maganar mutane sosai, kamar wanda ya nutsa a ruwa. Ya ce tun yana yaro yake jin haka, bai taɓa sanin gargaɗi ba ne. Liman ya ƙara masa da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya yi alwala. Likita ma ya ce hawan jininsa ba na wasa ba ne. Duk damina ta bana ban ji an kai ƙararsa ko sau ɗaya ba, har matarsa ta fara zargin ko ba shi da lafiya.

To kin san al'adarmu. Idan ruwa ya taso, kowane gari ya fito gayya ya ɗaga jingarsa da buhunan ƙasa, kuma ruwan da ka tare ba sama yake tafiya ba, kan na tsallake yake komawa. Shi ya sa ake naɗa mai gadin jinga, kuma ba a neman mai haƙuri. Shekara da shekaru Garba ake ba wa, ana yi masa kirari, ana tura shi gaba. Mu muna kiran abin jarumta saboda yana yi mana amfani.

Ranar Laraba da hantsi, ina can ƙauye, mutanen tsallake suka zo cikin kwale-kwale, Fannami a gaba, wanda ɗansa ke auren Shamsiyya 'yar Garba. Suka roƙi a buɗe wa ruwa hanya ta tsohuwar magudanar da ciyawar kacalla ta toshe, don ya fara shiga musu gidaje. Magana ta yi zafi, wani a cikinsu ya taka buhu ya ce in ba a buɗe ba za su buɗe da kansu. Nan jama'armu suka dare gida biyu suka ba Garba hanya, kamar yadda suka saba. Yana riƙe da shebur. Ina tsaye ina kallon ƙeyarsa. Sai ya ajiye shebur ɗin, ya zauna a kan buhu, can ya gangara bakin ruwa ya fara alwala. Da babu wanda zai fara duka, dole dattawa suka yi magana, aka watse a kan za a sake zama ranar kasuwa.

Ba wanda ya ce masa sannu. Cewa ake ya sayar da gari saboda surukinsa. Matasa sun sa masa suna Sarkin Alwala, in ya wuce majalisa sai wani ya miƙa masa buta. Jiya ya zo Haɗeja sayen buhu, ya tsaya wurina idonsa jajur, ya ce ya gwada zama mutumin kirki ya ga ladansa, ranar kasuwa ko Fannami ne ya taɓa jinga sai ya kwantar da shi. Yana faɗa yana taɓa ƙeyarsa, ya sani sarai abin na tasowa. Na so in yaba masa, amma kin san bakina, ko ta'aziyya na yi sai a ɗauka tsokana ce. Na fara, ya ce Malam har da kai, ya hau babur ya tafi.

Ina tsoro, Yaya. In ya ɗaga shebur ɗin nan, auren Shamsiyya ya shiga ruwa ga ta da tsohon ciki, shi kuma ko ofishin 'yan sanda ko gadon asibiti. Ke kika goya shi, muryarki kaɗai yake ji ko kunnensa ya toshe. Ki kira shi kafin ranar kasuwa. Kada ki yi masa wa'azi, ya ƙoshi da shi. Ki ce kin ji labarin ya zauna a gaban mutane, kuma kin ji daɗi. Yana bukatar mutum ɗaya a duniya ya gaya masa haka, ya kuma yarda ba ba'a ake yi masa ba.

Ki gai da maigida Alhaji Yunusa, da Amira da ƙannenta. Mai ɗakina Khadija tana gaishe ki, ta ce busasshen kifinki na nan sai an sami mai zuwa. A sa mu a addu'a, ruwan nan ya sauka lafiya.

Naki ƙani,
Abdulmannan