Langra, Fihirisar Abbu

Multan, farkon lokacin mangwaro

Zuwa ga Abbu-ji,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Ammi, da wannan gwiwar da ba ta jin magani. Na rubuto ne saboda a waya in na ce gabas sai ka ji yamma, na'urar kunnen da ƙanena Zubair ya saya maka kuma tana cikin aljihun tebur.

Maganar Langra ce. Cikin fihirisoshin da ka gina wa rumbun bayanan bankin jininmu don kwamfuta ta riƙa samo mai ba da jini da sauri, ka raɗa wa kowace sunan mangwaro, ita kaɗai ta rage. Sabbin ma'aikata har tambayata suke wane mayunwaci ne ya yi aiki a nan. Nakan ce ubana ne, sai su kama bakinsu.

Ka tuna yadda ka jera ta: unguwa da farko, sannan rukunin jini, sannan ranar da mutum ya ba da jini na ƙarshe. Ina ƙarama, zaune gefenka ina shan lassi, kindirmon nan mai sanyi, ka ce mini mai ba da jini a keke yake zuwa, don haka fara neman na kusa. To, yanzu kowa da babur. Ba mai tambayar unguwa. Rukuni suke sawa, da rana, da shekaru, da nauyi, sharaɗi kan sharaɗi. Tunda an tsallake na farkon, injin sai ya ƙyale Langra ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. In ma ya ɗauke ta, zagaye garin yake yi da ita.

Na yi dabaru don in cece ta. Na yi wa kowane sharaɗi tasa fihirisar, bincike bai yi sauri ba, shigar da sabon suna kuma ya yi nauyi. Kamran, abokin aikina, ya ce ina shafa wa gawa mai. Na ƙi kula shi har la'asar, amma gaskiyarsa. Jiya wata uwa ta daɗe a tsaye da ɗanta, cikin yaran nan da ake ƙara wa jini duk wata, allon kwamfuta yana ta juyi bai fito da suna ba. Na ji kunya ƙwarai.

Dole in gina sabuwa, rukunin jini a gaba, in goge taka. Hannuna ya ƙi. Ka ba ni izini.

Ki gaida kanki, Ammi, na san ke ke karantawa.

'Yarka,
Nuzhat

Multan, bayan Juma'a

Abbu-ji,

Assalamu alaikum, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso ta bakin Zubair, kuma bai rage masa gishiri ba: “Yara suna jiran jini, ke kina zaune kina rubuta wasiƙa? Wa ya koya miki aiki?” Na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Na goge ta. Ko ƙiftawar ido abin bai kai ba, har na ji haushin injin.

Da zan gwada sabuwar, na sa rukunin nan naka mai wuyar samu, wanda ake tashinka daga cin abinci saboda shi. Kafin in ɗaga yatsa sunaye sun fito. Na duba sama da ƙasa, babu kai. Na zaci na yi kuskure, ashe sharaɗin shekaru ne ya cire ka. Na ɗauke sharaɗin, sai ga ka: Ghulam Sarwar, tsohon gidanmu na bayan kasuwar tukwane, da abin da ka rubuta da kanka a gefe, “yana da keke, a kira kowane lokaci.”

Na mayar da sharaɗin, domin kai ka koya mini haka. Amma sai da shayina ya huce.

Sabuwar ba ta da suna tukuna. Kamran ya kawo wani mai lambobi, na kore shi. Ka aiko da sunan mangwaro, in da hali har da mangwaron.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Taka har kullum,
Nuzhat