Kwalaben da Na Saya a Gwanjo

Madina, Sha'aban 1401

Zuwa ga Yaya Mahmudu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hawa da yara. Ya ƙafar taka? Mu nan lafiya, sai zafi da gajiya. Wannan takarda hannu da hannu na aiko ta, in ka karanta ka ƙone.

Ka san ni da gwanjo. Wani direba a Bi'ir Ali ya sayar mini da kwali guda na kwalabe, wai kayan da aka bari a tashar jirgin ruwa ne. Na ɗaga ɗaya a rana, ja wur, ga hoton inabi a jiki. Na ce a raina wannan sharbat ne na shan ruwa, ga azumi ya ƙarato, Sabo ka tsinci kasuwa. Har na tausaya wa direban.

Haladu mai ɗinki, mutumin Chadi da ke jin Faransanci, shi ya karanta mini rubutun. Sai da ya rufe ƙofar shagonsa tukuna. Giyar inabi ce, Yaya. Wai ta gonar wasu dangi ce a bakin teku, inda sanyi da hazo ke sa inabi ya nuna a hankali, su suka shuka, su suka matse. Haladu ya ce a can abin alfahari ce. A nan kuwa bulala ce, a karɓe iƙama, takardar zamanka, a sa ka a jirgi. Ni da na tsufa a garin nan ina roƙon a rufe ni a Baƙi'a.

Na tambayi wani malami, na ce matsalar wani abokina ce. Ya ce in giya ta juye da kanta ta zama khal, ruwan tsamin nan na salak, ta halatta, amma kada a sa mata hannu. To khal yana da kasuwa. Na tura kwalin bayan buhunan shinkafa ina jira. Uwargida Ikilima ban gaya mata ba, ka san ta da tsoro.

Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Sabo

Madina, Ramadan 1401

Yaya Mahmudu,

Bayan gaisuwa, ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Ba ta juye ba. Nono a garin nan kafin azahar ya yi tsami, amma wannan abu kullum na sunsuna toshiyar sai ƙamshi. Haladu ya ce masu gonar sun yi ta ne don ta shekara goma. Ashe mai kyau na saya, karo na farko a rayuwata. Barci ya ƙaurace mini, ko motar shara ce ta tsaya a lungu sai gabana ya faɗi. Na gaji, wallahi.

Naka,
Sabo

Madina, Shawwal 1401

Yaya,

Barka da Sallah, ina fatan an yi lafiya.

Ranar ashirin da bakwai ga azumi Ikilima ta yi rabon abincin shan ruwa kamar kowace shekara. Ta ga kwalin, ta ga bai dace a kai wa kafilina, wanda iƙamata ke hannunsa, ƙosai da kunu kawai ba. Ta ɗora kwalba ɗaya a tiren.

Ka san nan ba a mayar da kwano wayam. Bayan Sallah tiren ya dawo cike da dabino mai tsada, da kwalbar an wanke ta tas. Ya aiko a gaya mini iyali sun yaba, kuma in da saura yana so.

Na juya maganar ta kowace fuska. In tarko ne, ina kai ta biyu an kama ni. In ƙishi ne, na zama mai kawo masa har in mutu, a garin Manzo. In na ce babu, ya san na san abin da ya sha, kuma iƙamata a watan gobe take ƙarewa.

Jiya na hau motar Khaibar da kwalin, na sauka inda ba kowa, na tsiyaye su a kan baƙaƙen duwatsu. Ƙamshin ya bi ni har titi.

Ba zan je masa neman sabuntawa ba. Ka sa a duba rufin ɗakina na Fagge, ka kuma tambaya mini ko akwai sauran wuri kusa da kabarin Baba.

Ikilima na gaishe ku. Har yanzu tana jin daɗi an yaba kyautarta.

Ƙaninka,
Sabo