Kafson Hajiya a Ruwan Chinchilla

Laraba da dare, Handsworth

Barci ya gagara. Cikin chinchilla da nake kiwo, 'yan dabbobi masu laushin gashi kamar zomo, ɗan nan da na yaye, wanda na yi wa wata mata a Manchester alkawarinsa, yana kwance, ko ciyawa ya ƙi taɓawa.

Ina wurin aiki Hajiya ta ji yana atishawa. Sai ta fasa kafson amoxicillin daga magungunan da ta taho da su daga Kano, ta zuba masa a ruwan sha, yadda take yi wa kajinta. Likitar dabbobi ta ce irin wannan antibiotic ɗin yana kashe ƙwayoyin da ke narka musu abinci a hanji. Ta ce in riƙa ɗura masa abinci da sirinji, amma ta ƙi yi mini alkawarin komai.

Da na dawo na ɗaga wa Hajiya murya. Uwata fa! Ta ce, "Safiya, taimako na yi nufi," ta shige ɗaki.

Yanzu na leƙa falo. Tana zaune gaban keji, ta naɗe shi a gefen mayafinta, tana ɗura masa abincin a hankali. Matar da take ce musu ɓeraye. Na kasa shiga.