Harshen da Ya Rage wa Mama

Nikosiya, Oktoba 2005

Kawu Brahimis,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon gwiwar? An ce ku can Melbon yanzu ne sanyi ke sakinku. Na rubuto ne ban buga waya ba don na san halin kunnuwanka, zancen kuwa ba na ɗaga murya ba ne.

Mama ta faɗi a ɗakin girki bayan mun dawo daga coci. Jini ne ya hau, ɓarinta na dama ya shanye. Ta farfaɗo, mun gode Allah, tana gane mu, tana ɗan cin abinci. Amma Kawu, Girkanci ya fice daga bakin ƙanwarka gaba ɗaya. Matar da ta tsufa tana ciniki da faɗa da shi a garin nan, yanzu ko ka yi mata sai dai ta zuba maka ido. Sanna, harshen ƙauyenmu, shi kaɗai ya rage mata.

Ka san ni. Ina 'yar ƙarama muka baro ƙauye a shekarar yaƙi, a gida kuma ba a yin Sanna sai in ita da marigayi Baba ba su so mu ji. Na san ruwa, na san burodi, na san zo da tafi, sai zagi biyu. Da su nake jinyar uwata.

Maigidana Pavlos ya samo wani likita ɗan Labanan, wai ai duk Larabci ne. Bawan Allah ya zauna ya saurare ta, ya tsinci kalma nan ya rasa can, daga ƙarshe ya yi dariya ya ce wannan Larabcin kakannin kakanninsa ne da aka jiƙa a Girkanci. Abin da ya iya kamo mana shi ne tana kiran Kurmajit, wato ƙauyenmu Kormakiti. Wannan ba sai an fassara mini ba, gida take so.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Annetta

Kormakiti, Disamba 2005

Kawuna,

Barka da shirin Kirsimeti, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarka ta iso. Na karanta wa Mama kalmomin Sanna da ka rubuta da baƙaƙen Girkanci, ta dube ni kamar mai jin akuya na ƙoƙarin waƙa. Laifin bakina ne, ba na hannunka ba.

Mun kawo ta gida. A shingen da ya raba ƙasar tun yaƙi, sojoji suka duba takardu, suka leƙa suka ga tsohuwa a kwance, suka ɗaga mana hannu. Gidanku yana nan, rufin ɗakin baya ne ya zauna. A layinku kaf ƙofa ɗaya ce ke buɗe, ta Goggo Rozina, wadda ka ce ta taɓa jifanka da lemo a bikin Waliyyi Jojis. Ba ta gudu ba lokacin yaƙi, ba ta kuma fasa faɗa wa kowa haka.

Ta shigo da sandarta, ta tsaya kan Mama ta faɗi wani abu. Mama ta mayar mata, sai kawai suka kwashe da dariya. Rabon da in ji dariyar Mama tun kafin ta kwanta. Na tambaya, Goggo ta ce, "Ce mata na yi, Filomena, sai da kika zama rabin mutum kika tuna da mu? Ta ce rabinta ya fi ni dukana."

Tun ranar kullum tana nan da hantsi. In dafa musu kofi, in yanka cukun halumi, in koma bakin ƙofa. A bakinta na ji cewa filon nan yana sa wa Mama ciwon wuya, kuma miyar tarhana da nake ta fama da ita ba ta da gishiri. Wata biyu tana faɗa mini, ni ina gyaɗa kai. Goggo ta ce za ta koya mini Sanna, amma kaina kamar busasshen kabewa ne. Ina ƙoƙari, Kawu. In na riƙe kalma da safe, kafin la'asar Mama ta faɗe ta da karkataccen bakinta in kasa gane ta.

Ka ce za ka zo da Ista in likita ya yarda da tafiyar. Goggo ta ce in gaya maka lemon yana nan yana jiranka.

Taka,
Annetta

Kormakiti, Maris 2006

Kawu,

Ina gaisuwa, yaya ƙarin haƙuri? Pavlos ya riga ya sanar da ɗanka ta waya, amma ka cancanci ka ji yadda abin ya kasance daga gare ni.

Goggo Rozina ce ta riga Mama tafiya. Mura ta kama ta a Janairu, 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa birni, gawarta ce ta dawo. Da ƙararrawar coci ta buga, Mama ta dubi kujerar Goggo, ta dube ni. Ba ni da kalmar da zan gaya mata, ba ta kuma buƙaci in faɗa ba. Daga nan ta rage magana. Tsofaffin da ke zama a shagon kofi sukan leƙo su gaishe ta, amma maza ne, gaisuwa ce kawai su wuce.

Ranar da Mama za ta rasu, da azahar, ina shafa mata mai a ƙafa sai ta kama hannuna ta fara magana. Muryarta a sake, ba gargada, kamar ba ta taɓa ciwo ba. Ta daɗe tana yi. Na ji sunana, na ji naka, na ji na Baba. Wani wuri ta yi murmushi, wani wuri ta ɗaga yatsa kamar mai gargaɗi. Na ce wa Pavlos ya ruga shagon kofi ya ɗauko ko waye. Ita kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba, ni take wa magana. Ta yi mini tambaya, ta dube ni tana jiran amsa. Na ce mata to. Ban san abin da na amsa ba, amma ta saki ajiyar zuciya ta lumshe ido. Kafin Pavlos ya iso da tsoho Sarkis yana jan ƙafa, ta cika.

Mun binne ta kusa da iyayenku.

Ƙarshen maganarta ya zauna mini a kunne, ita tambayar ke nan. Sarkis ya ce in maimaita masa, na ƙi, domin zancen gidanmu ne. Ina ta nanata ta ina wanke-wanke, ina shara, kada ta gudu. Na san kullum tana ƙara lanƙwashewa a bakina.

Kada ka fasa zuwa, Kawu, kada kuma ka jira Ista in da hali. Zan faɗa maka a kunnenka mai ji, da ƙarfi, ko sau nawa kake so. Abu ɗaya nake roƙo: in ka gane, ka gaya mini gaskiyar abin da na yi wa uwata alkawari. In ba ka gane ba, kada ka ƙirƙiro mini wani abu don ka sanyaya mini rai.

'Yar ƙanwarka,
Annetta