Ƙosai a Littafin Ummi

Laraba, bayan sallar isha'i

Wata uku ina bin gidajen ƙawayena a Sabon Gari, ina roƙon littattafan labarai da 'ya'yansu suka gama da su. Ranar Asabar na raba wa yaran layinmu a Kwaciri kyauta, kowa na rubuta masa sunansa a ciki.

Yau na sayi ƙosai wajen Inna Habi, ta naɗe min a shafin farko na littafin jikarta Ummi.

Na ce, "Inna, wannan ai na karatu ne."

Ta ce, "Malama, ta gama kallon hotunan. In da saura ki ƙaro mana, takardar akwai kauri."

Na kasa ci. Ga shi nan har yanzu, mai ya cinye sunan yarinyar.